Ƙofar da Na Rufe wa Alfa

Akwai wani tsoho a wani ƙauye bayan Dapango, can arewacin Togo, wanda muryata ce ta ƙarshe da kunnensa ya ji a duniya. Abin da na faɗa masa kuwa ƙarya ce. Shekara shida ke nan ina ba mutane labarin zuwana Togo, in faɗi na ɓarawon tasha, da na abincinsu, da na Faransancin da ya gagare ni, a yi dariya a watse. Wannan ɓangaren ne nake tsallakewa, kuma na gaji da tsallake shi.

Sunana Sabi'u, mutumin Funtuwa. Sana'ata harbin dutse da nakiya. Shekara goma na yi a wurin fasa dutse a Mpape, can na bar kan ɗan yatsana manuni na hagu, can kuma na samo girman kan da na tafi da shi. A ganina a lokacin, duk wanda zai koya mini nakiya ba a haife shi ba.

Na sauka tashar Sokode da hantsi tare da wani mai farar shadda da muka haɗu a hanya, a garin Faraku. Shi ya ce mini wani kamfanin hanya yana neman masu harbi ido rufe, kuma shi da shugaban wurin kamar wa da ƙane suke. Muna sauka ya karɓi jakata, ya ce bari ya kai ta motar maigidan, in jira shi nan kada in motsa. Ni kuwa na bi umarni. Ban motsa ba har aka kira azahar. Kayan sawata da takardar shaidar aikina duk suna ciki. Waya kaɗai ta tsira, don tana aljihu.

Wani direba ɗan Nijar ya ce in nufi unguwar Koma, can zan ji Hausa. Na bi layi har na zo gaban wata mata mai sayar da shinkafa da wake, wanda su suke kira wace. Na zauna a kan dakali nesa kaɗan, ina yi kamar inuwa na zo sha.

"Kai, baƙo," in ji ta, "tun ɗazu kana hararar tukunya na. Ya yi maka laifi ne?"

"A'a, Baba, hutawa nake yi."

"Ba a ce mini Baba a nan. Mma Azara ne. Zo ka huta da cokali."

Ta zuba mini har da wara soyayyiya, ba ta tambaye ni ko sisi ba. Sai da na cinye ta ce in faɗa mata wanda ya cuce ni, don fuskata ta riga ta ba ta rabin labarin. Da ta ji sana'ata sai ta tafa hannu, ta ce ai wanta ma mahaukacin dutse ne irina, in tashi ta kai ni mu haɗu mu ƙarata.

Wan nata shi ne Baba Moru, Bakotokole, wato ɗan ƙabilar garin, gajere mai faɗin kafaɗa. Shekara ashirin ya yi a ƙarƙashin ƙasa a ramukan zinariya na Gana. Idan za ka yi masa magana sai ka zagayo dama, don ya ce kunnensa na hagu yana can Gana bai biyo shi ba. Ya ba ni tabarma a shagonsa, na yi sati uku ina faskare da ɗibar ruwa. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Ina kewar tuwon dawa da miyar kuka kamar in yi kuka, ga matata Rabi na baro ta da tsohon ciki. Duk sanda ta kira sai in ce mata na kama aiki, kamfani babba, har da hular kwano. Ashe tun a Sokode bakina ya fara sabawa.

Wata rana da yamma ina ba Baba Moru labarin yadda nake tayar da rabin tsauni da harbi ɗaya, sai ya tambaye ni:

"Ka taɓa harbi cikin rami?"

"Dutse ai dutse ne, Baba. Ko a fili ko a rami."

Ya ɗebo toka daga murhun Mma Azara ya zuba a tafin hannunsa, ya ce in tsaya taku uku. Ya hura. Tokar ta watse ta ko'ina, ko ƙwaya ba ta same ni ba. Sai ya ɗauko wani guntun bututun ruwa, ya ɗura tokar ciki, ya ce in ƙara ja baya. Ya hura. Ban san sanda na zauna a ƙasa ina murza ido ba, Mma Azara tana dariya har da riƙe ciki.

"Toka ɗaya, baki ɗaya," in ji shi. "A fili iskan nakiya yana da hanya ko'ina, yana gajiya da wuri. A rami ƙofa ɗaya ne gare shi. Duk abin da ƙofan yana kallo, shi zai ci. Ba nisa ne magana ba, Sabi'u. Gefe ne magana."

Na ce na gane. A raina kuwa cewa na yi wasan yara ne, tsoho ya samu ɗan Najeriya yana nishaɗi da shi.

A sati na huɗu aka kira shi aiki a Dapango, ya ce in shirya mu tafi tare. Mun kama hanya tun da safe a wata bas da aka cusa mu kamar buhunan gawayi. Muka wuce Bafilo, muka wuce Kara, ƙasa tana ƙara buɗewa, bishiyoyi suna ƙara nisa da juna, har muka tsallake kogi a Mango. Daga nan sai na fara ganin kuka da kaɗanya da rumbuna irin na gida. A wani shingen jandarma aka sauke ni don ba ni da takarda. Baba Moru ya sauka ya yi ta yi musu bayani da Faransanci da yarensu da hannuwa, ya dafa kaina yana cewa ɗansa ne. Ban ji abin da ya faɗa ba, amma an bar ni na hau.

Aikin yana wani ƙauye a kan hanyar Nano. Masu lambun tumatir da albasa ne suka haɗa kai. Suna da madatsar ruwa a bayan wani dogon dutse, lambunan kuma suna gabansa, sai a yi ta zagaye da jarkoki. Suna so a huda dutsen a kwance, rami mai tsawon taku arba'in wanda mutum zai shiga a sunkuye, ruwa ya bi ta ciki. Muna da lebura shida, 'yan ƙabilar Moba, babbansu wani dogo mai suna Lare. Nakiyar kuwa jandarma ne ke kawo ta kullum, ya zauna a inuwa har sai ya ga ta shiga dutse.

Bakin ramin yana kallon gida ɗaya tak, taku hamsin a gangare. Gidan Alfa Isifu ne, kuma nan aka sauke mu.

Alfa shi ne malam a bakinsu. Kakanninsa fataken goro ne daga ƙasar Hausa, Hausarsa ma ta fi ta kowa daɗi a wurin. Ƙudan bakin kogi ya cinye masa idanu tun yana saurayi, amma ya riga ya haddace Alƙur'ani. Ɗalibansa duk manya ne: masu lambu, matan kasuwa, direbobi biyu. Bayan la'asar su zo zaurensa, kowa ya karanta nasa, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Mutum goma na karatu lokaci ɗaya, ya san wanda ya yi tuntuɓe. Su suke kawo masa dawa da albasa da ɗan abin cefane, da haka shi da matarsa Mma Salamatu suke ci. Kunnen nan shi ne gonarsa, shi ne idonsa. Ranar da na kwana biyu a gidan ya riga ya san takuna.

"Ga mai fushi da ƙasa nan ya dawo," haka yake cewa tun ina nesa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ya taɓa gyara wa mutum kuskure a gaban wani. Idan an tashi karatu sai ya ce, "Wane, tsaya ka nemo mini sandata." Sandar kuwa tana hannunsa. Sauran su fita kamar ba su ji ba, ba mai waiwaye, ba mai tambaya daga baya. Ni ma ta zo kaina. Wata magariba na makara, na tashi ina rama raka'a a bayyane. Da aka watse sai na ji, "Sabi'u, tsaya ka nemo mini sandata."

Na tsaya ina duba bayan tabarma kamar wawa.

"Zauna," ya ce a hankali. "Akwai wuri biyu a Fatiharka da harshenka yake gudu. Ba laifinka ba ne, wanda ya koya maka ne ya yi sauri. Mu gyara, ni da kai."

Ina da shekara talatin da huɗu, ina salla tun ina yaro, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Kunya ta kama ni har wuya. Amma yadda ya yi maganar, sai ka ce wani abu ne muka tsinta tare a hanya. Kullum bayan magariba muke zama, har bakina ya miƙe. Ko Baba Moru bai taɓa jin abin da muke yi ba.

A wajen aiki kuwa ni da Baba kullum sai mun yi. Kafin a huda ko huji ɗaya ya sa aka cika buhuna da yashi, aka gina katanga biyu a gaban bakin ramin, ɗaya ta tare dama, ɗaya ta tare hagu a bayanta, yadda duk abin da ya fito sai ya yi kwana biyu kafin ya samu fili. Iskar tana karyewa a nan, in ji shi. To amma baro ma sai ya yi kwana biyun, kuma baro cike da dutse ba ya son kwana. Rabin ranarmu a nan take tafiya. Huji kuma biyar kawai yake yarda a ɗura a harbi ɗaya, alhali fuskar dutsen tana cin goma sha biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shirin da ake yi kafin harbi. Sai ya bi gidan Alfa ya buɗe kowace ƙofa da kowace taga, ya tokare su da dutse. Ya ce iska in ta samu hanya wucewa take yi, in ta samu ƙofa a rufe ita take tafiya da ita. Mu a Mpape rufewa muke yi, saboda ƙura da tsakuwa. Sannan ya kamo hannun Alfa ya fito da shi daga zaure, ya kai shi gindin wata kaɗanya da ke gefen dutsen, taku ashirin kacal daga bakin ramin.

"Baba, wannan wane irin lissafi ne?" na ce masa. "Ka ɗauko makaho daga taku hamsin, cikin ɗaki, ka kawo shi taku ashirin, a fili?"

"Toka bai ishe ka ba?" ya ce. "In ƙaro?"

Lebura suka yi dariya. Na haɗiye, amma ban manta ba.

Mun ci taku talatin da 'yan kai sai aka kira Baba cewa babban wansu ya rasu a Camba. Ya ce kwana huɗu zai yi. Ya damƙa mini wayar nakiya da akwatin harbi a gaban kowa, ya riƙe hannuna.

"Buhu, kada ka taɓa. Huji biyar, ba shida ba. Alfa, gindin kaɗanya."

Na ce ya tafi hankali kwance.

Washegari da asuba ƙanwar Rabi ta kira. An sauka lafiya, mace. 'Yata ta fari, bayan shekara bakwai muna jira. Na yi sujada a kan tsakuwa. Da na ɗago sai lissafi ya shigo. Shugaban masu lambu ya riga ya ce ba mai tafiya sai ruwa ya ratsa. A yadda Baba yake tafiyar da aiki, sauran aikin kwana takwas ne. Suna kuwa saura shida, hanya ta ci biyu. Idan na ɗura huji goma sha biyu a harbi ɗaya, baro kuma ya riƙa fita kai tsaye, kwana huɗu sun isa. Ban ɗauki abin a matsayin ganganci ba. Gani nake yau za a yi aiki irin na waɗanda suka san aiki.

Na ce wa Lare a kwashe buhuna.

"Patron," in ji shi, wato maigida, "Baba ya ce a'a."

"Baba yana nan?"

"Ba ya nan. Amma maganan shi yana nan."

Na daka masa tsawa, na ce shekara goma ina wannan sana'a lokacin shi yana bin jaki. Na fara jan buhun farko da kaina. Suka bi ni ba don sun so ba. Ran kasuwar Nano ce, Mma Salamatu da matan unguwa duk sun tafi. Alfa kaɗai ke zaune a ƙofar zaure yana jan carbi.

Muna tsakiyar kwasa sai na ji muryarsa.

"Sabi'u, zo ka nemo mini sandata."

Na san abin da ake nufi. Kowa a wurin ya sani, don lebura nan take suka sunkuyar da kai. Ni kuwa zuciya ta riga ta hau. Na ɗaga murya na ce:

"Alfa, sandar tana hannunka. Ina da aiki."

Ya koma jan carbinsa. Tunda aka kafa ƙauyen nan, ban jin an taɓa ba shi wannan amsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na gama ɗurin. Lebura suka nufi gindin kaɗanya yadda suka saba, jandarman ma ya bi su. Na gangara gidan, Lare yana bina da naɗin wayar nakiya. Alfa ya riga ya miƙe, ya miƙo hannu yana jiran a kai shi kaɗanya. Na dubi bishiyar, na dubi bakin ramin. Nakiyar yau ta ninka ta kullum, ga ba buhu. Sai Sabi'un Mpape ya ce mini taku ashirin ya yi kusa, tsoho ba ya iya gudu, sa shi a ɗaki. Wallahi a wannan kam kare shi na yi niyya. Na juya shi na shigar da shi zaure, na zaunar da shi a kan buzunsa, na ja tagar katako na sa sakata.

Ina jan ƙofar kwanon sai ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Buhunan suna nan?"

"Suna nan, Alfa. Babu abin da zai same ka."

Na rufe ƙofar, na sa mata ƙugiya ta waje don kada iska ta buɗe ta.

Na koma gindin kaɗanya, na busa usur sau uku, na murɗa hannun akwatin harbi. A fili ƙarar nakiya tashi take yi sama. Wannan ba ta tashi ba. Wani baƙin abu ne ya fito daga bakin ramin a miƙe, kamar daga bakin bindiga, ya share ƙasa ya gangara. Ban ƙifta ido ba na ga rufin zauren ya ɗaga ya koma a karkace, ƙofar kuma babu ita. Mu da ke gindin kaɗanya, taku ashirin, ganye ne kawai ya zubo mana a ka.

Lare ya riga ni isa. Ƙofar ta nannaɗe ta faɗa ciki, ta bugi Alfa a gefen kai. Yana kwance cikin ƙura da alluna, jini yana fita ta kunnuwansa biyu. Muka ɗaga shi, kowa yana ihu, wannan na kiran sunansa, wancan na salati, ni ina cewa Alfa, Alfa, ka ji ni? Sai ya lalubo rigar Lare ya riƙe, ya ce da ƙarfi:

"Wa ke nan? Me ya sa kuka yi shiru? Ku yi magana mana!"

A bayan babur aka kai shi asibiti a Dapango. Likita ya ce fatar cikin kunnuwan duka ta fashe, wannan tana iya haɗewa, amma bugun da ya samu a ka ya taɓa can ciki, kada mu sa rai.

Abin da na yi da na dawo shi ne ya fi komai muni, don wannan ba kuskure ba ne. Na ce wa lebura a mayar da buhuna. Lare ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauki rigarsa ya tafi, sauran suka bi shi. Ni kaɗai na ja su ɗaya bayan ɗaya har la'asar sakaliya, na gina katangun kamar yadda suke. Da mutanen gari suka dawo kasuwa suna tambaya, na ce ikon Allah ne, wani lokaci dutse yana da iska a cikinsa. Jandarman ya rubuta nasa, ya ce shi nakiya ya kawo kuma ya ga ta shiga dutse.

Baba Moru ya dawo ran na uku. Bai gaishe ni ba. Ya tsaya a bakin ramin, ya bi ƙasa da ido. Iskar ta share wata hanya fes, miƙaƙƙiya, tun daga ramin har ƙofar zauren, kuma hanyar ta bi ta ƙarƙashin buhunan. Ya shafa buhu ɗaya, ya duba tafinsa.

"Buhu ya yi tsabta," ya ce.

Ya miƙo hannu, na ba shi akwatin harbi. Daga ranar ya mayar da ni tura baro. Ya ce ba zai kai ni gaban hukuma ba, don in ya kai za a rufe aikin, mutane su rasa ruwa, Alfa kuma kunnensa ba zai dawo ba. Bai ƙara yi mini wata magana ba sai ta aiki. Aka yi suna a Funtuwa ba ni. Na ce wa Rabi aiki ne ya riƙe ni, wannan karon ban ma iya ƙawata ƙaryar ba.

Bayan sati biyu aka dawo da Alfa. Zauren ya tsage, don haka a gindin kaɗanya ake shimfiɗa masa buzu. Mma Salamatu ta samo yadda za a yi da shi: ya yi tambaya, a matsa hannunsa sau ɗaya idan e ne, sau biyu idan a'a. Ɗalibansa suna zuwa bayan la'asar, su kama hannunsa, su zauna. Ba mai buɗe baki ya yi karatu. Wata mai albasa ta gwada ran farko, ta kai tsakiyar aya ta ga kansa bai karkata ba, sai ta rufe fuska da mayafi. Har lokacin ana kawo dawa. Amma na ji ɗaya daga direbobin nan yana tambayar ko akwai wani malami a Nano.

Ni kuwa zagaye nake yi ta bayan lambu don kada in bi ta gabansa, sai ka ce zai gan ni.

Ranar da ruwa ya ratsa, aka taru a bakin ramin ana murna, mata da lebura da masu lambu, mutum ya fi ashirin. Ni na riga na ɗaure 'yan tsummokarana. Na hango Alfa shi kaɗai a gindin bishiyar, ba wanda ya tuna ya gaya masa abin da ake ciki. Na je na durƙusa, na kama hannunsa. Ya bi yatsuna da nasa har ya zo kan guntun.

"Sabi'u," ya ce. "Ban ji takunka ba."

Na buɗe baki na faɗa masa komai, buhunan, hujin, ƙaryar, mayarwar. Ina yi ina kuka, shi kuwa fuskarsa tana kallon wani gefe. Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

"Mu kaɗai ne a nan?" ya tambaya.

Na matsa sau ɗaya. A gindin bishiyar mu kaɗai ne.

Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena, yadda yake yi in zai gyara wa mutum karatu. A zatonsa raɗa yake yi. Amma wanda ba ya jin kansa ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Maganar ta fito da ƙarfi kamar kiran salla, ta bugi dutsen ta dawo.

"Na ji lokacin da kuke kwashe buhunan. Tun na farko na ji. Na kira ka, ba ka zo ba. A bakin ƙofa na sake tambayar ka, don in ba ka hanya ka faɗa da kanka. Ka ce suna nan. Lare yana tsaye a bayanka, ina jin numfashinsa. Na ce in na ƙaryata shi a gaban yaronsa, na tozarta baƙona. Sai na zauna."

A bakin ramin hayaniya ta ɗauke. Ruwa kawai ake ji.

"Ba zan ce maka na yafe ba," ya ci gaba, "don ba na son in yi maka irin abin da ka yi mini. Ina nema a zuciyata, ban samu ba tukuna. In na samu zan aiko a gaya maka. Ka riƙe Fatiharka, kada ka koma gudu. Wannan magana kuma tsakanina da kai ce. Ba wanda zai ji ta a bakina."

Shekara shida ke nan, duk sallah ina kiran Baba Moru. Yakan ce Alfa yana nan da rai, Mma Salamatu tana sayar da ƙuli-ƙuli suna ci. Saƙon bai zo ba.

Amma a ranar, kafin ya sake ni, sai wani abu ya ɗarsu a ransa. Ya ƙara riƙe ni, ya ce:

"Wani ya ji?"

Na waiwaya. Mma Salamatu ta kafa ido a ƙasa. Lare ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Baba Moru ya tsuguna yana wanke shebur a sabon ruwan. Mutum ashirin, ba wanda ya ɗago kai, kamar dai yadda suka saba fita daga zaure in an ce wani ya tsaya neman sanda.

Na matsa hannunsa sau biyu.